Turken Gwaggo

Abin da na fara gani da na shiga gidan Gwaggo a Shinkafi shi ne turke babu akuya. Igiyar ma an naɗe ta an rataye.

Laifina ne. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, a hutun baya na zaunar da Gwaggo na yi mata lacca. Na karanta a waya cewa hannun jarin wani kamfani mai nuna wa direbobi hanya da cunkoso zai tashi. Na rantse mata kowace mota sai ta nemi kamfanin nan. Ta sayar da akuyarta mai ciki, yayana ya saya mata jarin.

Sai da hutun ya ƙare, a motar zuwa Ƙaura, na lura direbanmu ko taɓa waya bai yi ba. Hannu yake ɗaga wa mai tahowa: "Hanya lafiya?" Shi ke nan.

Jarin ya faɗi warwas. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Tun da na dawo wannan hutun, kullum da safe dai sai ta miƙo mini ƙwarya: "Ɗiyata, kai ma kamfaninki dusa, shina nan ga turke."

Ranar da zan koma makaranta na durƙusa na ce, "Gwaggo, don Allah ki sa a tumɓuke turken nan."