Rasuwar Ganuwar Janar a Kofin Shayi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka gaji da kai-komo tsakanin falo da kicin, nake sanar da 'yan uwa, da maƙwabtan bene na sama da na ƙasa, da duk mai karanta abin da aka manna a bakin matakala ko da ba da shi ake ba, rasuwar Ganuwa. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da la'asar, bayan gajeriyar rashin lafiya a cikin kofin shayi.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, 'yar kwali ce, ba ta kai tsawon yatsana ba, an zana mata duwatsu da ƙofa ɗaya. Mazauninta tsakiyar wata taswira ce da ta cinye mana teburin cin abinci tun da maigidana ya yi ritaya daga gidan waya. Wasan yaƙi ne na wasu mutanen da, masu dogayen huluna. Ana jera sojojin kwali, a jefa ƙwayoyi biyu masu ɗigo irin na ludo, a ga wa ya mutu. Maigida, wanda tun lokacin nake kira Janar, shi ke tsaron birni. Amininsa Mai Agogo, mai shagon gyara a kusurwar titi, shi ke kawo hari duk Asabar. In sun tashi a lulluɓe yaƙin da zanen gado, mu ci abinci a kan cinya.

Marigayiya mai kamun kai ce. Inda aka ajiye ta nan ake samunta, abin da ba zan rantse a kansa ba game da wasu a benen nan. Kafin ranar ajali, kalma ɗaya na taɓa ji daga bakinta, “ƙwas”, idan Janar ya danna ta da babban yatsa kafin a fara.

Dabarar Janar guda ce tal: kada a fita. Manyan bindigogi a kan tudu, sojojin ƙasa a bayan Ganuwa, sai wata runduna da ya ajiye a bakin gada, wadda ba a taɓawa komai tsanani, don ita ce ta toshe ɓaraka. Mai Agogo ya biyo ta kogi, ya biyo ta gonaki, ya yi kamar zai gudu don a bi shi, duk a banza. Sojojinsa dai ƙarewa suke a murfin gwangwanin biskit, inda ake tara gawawwaki. Janar ya ce a ainihin tarihi birnin bai yi wani ƙarko ba, wato shi ya fi janar ɗin gaske ke nan. Ban musa ba, tunda ba na wurin.

Ni ma na yi wa birnin nan hidima. Da Mai Agogo ya dafe goshi yana lissafin hari, sai in kawo shayi in tambaye shi lafiyar unguwa. Mutumin da ke gyara agogon kowa ya san wanda aka jefa da na bango, ya san wanda ya sayi na mata alhali matarsa ba ta ɗaura ba. Yana sakin baki sai ya manta inda zai kai sojojinsa. Ni in samu labari, birni ya ƙara mako.

Ciwon ajali ta shagon aski ya shigo. Matar mai aski ta tare ni a kanti ta ce Mai Agogo na faɗa a can wai da kunkuru yake wasa, ba da janar ba, wai mutumin gidan waya ya saba zama a bayan kantar sayar da kan sarki yana jiran a zo a same shi. Ni kuwa riƙe magana na tayar mini da hawan jini. Na kawo wa Janar da ɗuminta. In ma na ƙara gishiri, bai wuce na ɗanɗano ba.

Ranar Asabar ya sa riga mai guga. Ana zama ya buɗe ƙofar birni, ya kwashi rundunar bakin gada ya yi waje da ita. Na yi tari. Na yar da cokali. Shi kansa Mai Agogo ya leƙo shi ta saman tabarau, ya naɗe hannu ya ba shi damar mayar da su, duk da a dokarsu sojan da ka taɓa ya tafi ke nan. Janar ya kau da kai. Mai Agogo ya haye gadar da babu kowa, ƙwayoyi suka yi “ƙwarar”, birni ya faɗi.

A ƙa'ida wanda ya ci shi ke ɗaga Ganuwa. Janar ya riga shi kai hannu, shi ma ya kai, yatsu suka haɗu, marigayiya ta yi tsalle. Kalmarta ta ƙarshe ita ce “tsulum”.

An yi iya ƙoƙari. Na tsamo ta da cokali, na kai ta gaban fanka, na bi ta da dutsen guga. Nan ta rabu gida uku, ƙofarta ta manne a gindin dutsen.

Ta rasu ta bar gada ɗaya, da kogi mai launin shuɗi, da bindigogin da ba su da majingina, da tsofaffi biyu da ba sa gaisawa. Ta kuma bar ni da Janar, kuma nan ne zancen yake. Ya buɗe firji, ya rufe. Ya jera mini cokula bisa tsawo. Jiya ninkin tawul yake koya mini, ni da na aurar da 'ya'yansa. Sai ya tsaya a taga yana kallon kusurwar titi, wai hadari yake dubawa. Agogon hannunsa ya tsaya, ya ƙi kai shi gyara, ni yake tambaya lokaci. Matar Mai Agogo ta ce nata ma ya kwance agogon falonsu da ke aiki lafiya lau. Ni kuma na ga an sauko da katifa da madubi daga hawa na uku, har yau babu wanda ya gaya mini dalili.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da la'asar, a falonmu, a binne ta a tukunyar fulawar da ke baranda. Masu ta'aziyya su zo da kujerunsu. An yafe wa matar mai aski zuwa.

Ana roƙon Mai Agogo ya halarta, tunda yatsunsa na cikin na ƙarshe da suka taɓa marigayiya. Ya taho da gilashin nan da yake maƙalawa a ido, da ɗan hantsakinsa, da gam. Idan ya duba ya ga da sauran numfashi, iyali ba za su nace sai an binne ba. Ban ɗaga zanen gadon ba, kowane soja na inda aka bar shi.

Janar ya rantse in mutumin nan zai zo, shi ba ya gida. Yana gama rantsuwar ya tambaye ni ko akwai sauran biskit ɗin da mutumin ke so, ya je ya kakkaɓe masa matashin kujera.

Za a ba da shayi, amma a ƙasa za a ajiye kofuna, nesa da tebur.

Sanarwa daga matar Janar, hawa na biyu, a madadin iyali.