Yadda Za Ka Fitar da Kaset ɗin Pank na Kanada Daga Khumra Ba Tare da Iƙama Ba

Ɗan'uwa, kai da ka zo umra ka manta hanyar filin jirgi, yanzu kake dakon kwalayen kaji a wani sito a unguwar Khumra ta Jidda, wannan darasi naka ne. A ce sunanka Gwadabe. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin kafin hajjin 1989 samarin Jidda za su haddace muryarka, kuma 'yan jawazat masu kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, ba za su san kana duniya ba.

1. San abin da ake kira pank

Kiɗa ne na yaran Turawa da suka ƙoshi, suka rasa abin yi, suka hau zagin gwamnati da iya ƙarfinsu. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya bar maka kaset ɗinsa a tasha, ka saurara, ka ce ai kai ma kana da abin yi wa ihu. Da gaskiyarka. Sai dai su in sun yi ihu 'yan jarida ke zuwa, kai kuwa motar jawazat mai raga ce za ta zo.

2. Zaɓi ƙasa

Kanada. Kada ka kuskura ka ce Amurka, kowane ɗan Jidda yana da kawun da ya je can, tambayoyi za su yi maka yawa. Kanada kuwa ba wanda ya san kowa.

3. Tara makaɗa

Musbahu mai walda yana da jita mai tsirkiya uku. Ta isa, har ɗaya ta yi yawa. Ya'u abokin dakonka zai doki jarkokin mai. In ya ce, "Wallahi ni ban iya kiɗa ba," rungume shi, irinsa ake nema.

4. Nemi inda za ka yi ihu

Nan ne aikin yake. Kai mutum ne da ya saba yin tari a cikin hula don kada maƙwabta su ƙirga mutanen ɗaki. To, jira lokacin ƙailula, ku ɗauki rikoda ku shige kwantenar sanyi, a rufe ku. Ko ƙaho ka busa a ciki ba mai ji. Haƙoranka za su yi ta kaɗawa, muryarka ta yi rawa har ba mai gane Hausa kake yi, ka ga Kanada ta samu ba biza. Sau ɗaya za ku ɗauka, masana sun ce maimaici yana kashe pank, sanyi kuma yana kashe Ya'u.

Kada ka manta ka bar mai buɗe ƙofa a waje.

5. Kai shi kasuwa

Yanko hoton dutse mai ƙanƙara daga kalanda ka manna a bango. Fuskarka kada ta kusanci wurin. Kai wa mai shagon kaset a unguwar Hindawiyya, ka ce a kwantena ka samo shi. Ba ƙarya ka yi ba. Zai kwafa son ransa, ba zai tambayi izinin kowa ba, kai ma ko shayi ba zai ba ka ba.

6. Saurari ra'ayin jama'a

Rabi'a mai tuwo za ta ji shi a shago ta ce, "Wannan bawan Allah haƙori ake cire masa?" Kada ranka ya ɓaci, a wannan fanni yabo ne. Samari masu yawo da mota a bakin teku kuwa za su rantse cewa ɗan ƙasar zafi ba zai taɓa iya irin wannan sauti ba.

7. Riƙe bakinka

Wata rana Othman, ɗan mai siton, jikan Bakano amma haifaffen Jidda, zai tsaya da motarsa a ƙofa, muryarka na tashi daga ciki, kai kuma kwali na kanka.

"Ta'al, ya Gwadabe, isma'!" zai ce da Larabci, wato zo ka saurara. "Ka ji mutane masu hurriya, masu 'yanci. Wallah in wannan ya zo Jidda, a ɗakina zai kwana. Kai ka taɓa buɗe bakinka haka?"

Waƙar da ke tashi ita ce wadda ka yi wa 'yarka Fatu, da ka baro tana rarrafe, yanzu an ce ƙaninka take kira baba. Zuciyarka za ta yi zafi, za ka ji kamar ka jefar da kwalin ka ce ni ne. Kada ka fara. Othman ba mugu ba ne, bakinsa ne ba ya rufuwa. Kafin la'asar abokansa sun ji, abokan kuma suna da yayye a jawazat. Abin da Fatu ke ci daga kwalin nan yake fitowa.

Ka ce, "Yallaɓai, mu ina muka iya."

Zai ce, "Sah, gaskiyarka. Yalla, yi sauri, kajin suna narkewa."

Gyara kwalin ka wuce.

Gargaɗi

Mai wannan darasi bai san ka ba, bai taɓa shiga kwantena da kai ba. Ba ruwansa da mura, ko dashewar murya, ko abin da zai tokare maka maƙogwaro a mataki na bakwai. Wanda ya kasa haɗiye shi, hukuma za ta ba shi kujerar jirgi kyauta zuwa gida. A can yana iya ihu har ya gaji, ba mai saye.