Motar da Ba Ta da Inji

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Kai ne ban san inda ka baro kunyarka ba."

Haka Kaka ta tarbi jikanta makaniki, wanda take kira Baƙin Mai tun ranar da ya fara kwanciya a ƙarƙashin mota. Tana zaune a bakin gado, ƙafarta mai ciwo a kan matashi. Ya kwana biyu da dawowa daga ƙasar waje, inda maigidansa mai sayar da kayan mota ya tafi da shi ganin wani kamfanin ƙera motoci, amma sai yau ya leƙo ta. Matarsa kuwa ta riga ta tsegunta mata cewa tun da ya sauka bai buɗe gareji ba.

Ta leƙa bayansa, ta tambayi inda ya ajiye motar da ya yi mata alkawari. Ya ce ai ya zaɓa mata wata ja, amma da ya nuna hotonta sai kamfanin ya ce ba ya sayar wa wanda ya girmi taya a duniya. Ta ce ƙarya yake yi, daga bakin ƙofa aka koro shi don kada ya shafa wa mutane baƙi a bango.

"Na shiga, Tsohuwa. Har da farar riga da tabarau aka ba ni."

"Kai a farar riga? Allah ya ji ƙan rigar."

Ya ja kujera ya zauna, ya fara ba ta labari. Ya ce ginin ya fi unguwar nan girma, daɓensa ya fi na asibiti tsabta, kuma an ja wani layi rawaya a ƙasa wanda baƙo ba ya tsallakewa. A bayan layin akwai wasu manyan hannuwa na ƙarfe da ba su da gangar jiki. Su ɗauki ƙofa, su juya ta, su yi walda, tartsatsi ya tashi, su miƙa wa na gaba. Ya yi ta baza ido yana neman ma'aikata, bai ga kowa ba sai wasu 'yan tsiraru a zaune suna kallon allo.

"Aljanu ne," in ji Kaka.

"Da aljanu ne da sauƙi. Aljani yana gajiya."

Ta ce to shi me ya dame shi, da ma can shi ba ƙera mota yake yi ba, lalata ta yake yi a biya shi. Ta jira ya rama, bai rama ba.

Ya ce a ƙarshen zagayen aka kai su gaban wata sabuwar mota, aka ce kowa ya taɓa. Mutane suka rufu a kan kujeru da sitiyari, shi ya nufi bonet. Da ya ɗaga sai ya tarar da akwati fayau, wurin sa jaka. Babu filogi, babu kafireto, babu inda ake zuba baƙin mai, sai wani batir shimfiɗe a ƙasanta kamar katifa. Aka ce masa ai a kunne take. Ya kara kunnensa a jikinta, shi da mota ke shigowa gareji ya faɗi ciwonta kafin direba ya kashe ta, bai ji komai ba.

Ya sa tafinta ya tambayi matar da ke zagayawa da su, in ta lalace wa ke gyarawa. Ta ce kwamfuta ake jona mata ta faɗi abin da ya mutu, a cire shi ɗungurungum a sa sabo. Ya ce to irinsa fa? Matar ta yi murmushi, ta duba agogo, ta ce lokacin cin abinci ya yi.

"Ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba, Kaka."

Rabon da ya kira ta Kaka har ta manta. Ta gyara zaman ƙafarta, ta ce yunwar ce ta sa ya dawo kamar tsohon sifana.

"Zan sayar da kayan aikin. Ban iya komai ba sai wannan, kuma na tsufa da komawa makaranta. Me zan yi?"

"Ban sani ba."

Sannan ta ce lokacin da take saƙa rigunan sanyi na jarirai, sai mace ta yi mata magana tun cikinta bai fito ba. Da na kanti suka cika kasuwa aka daina ƙwanƙwasa mata ƙofa. Mutane suka yi ta ce mata za a dawo, na hannu ya fi ƙarko. Ba a dawo ba.

"Ba zan yi maka ƙaryar da aka yi mini ba. Abin da ka gani da idonka, yana tafe. Amma ni ba rashin ciniki ne ya kwantar da ni ba. Na tattara zare na kyautar tun ana ɗan nema, sai gari ya riƙa wayewa ba ni da abin tashi. Kada ka riga shi zuwa. Gobe ka buɗe, ko ba wanda zai zo."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya laluba aljihu, ya ciro wata hula mai baki da aka raba wa baƙi a ƙofar fita, ya miƙa mata. Ta juya ta, ta kifa ta a kan ɗankwalinta a karkace.

"Miji ya je gidan motoci ya dawo mini da hula. Rubuto mini takardata."

"In na sake ki wa zai kwashe ki?"

"Ɗaya daga cikin hannuwan ƙarfen nan. Kai da bakinka ka ce ba sa gajiya."

Dariyar ta ƙwace masa, har ya goge ido da bayan hannu.

"Kin ci, Tsohuwa. Zan buɗe."