Rasuwar Ta-Sawakin, Randar Sobiyar Gidanmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da kuma hannun dama mai ɗinki shida, ni Sa'adiya mai sobiya ta unguwar Mansur nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk masu layi a ƙofarmu bayan la'asar, rasuwar randarmu, wadda aka fi sani da Ta-Sawakin. Ta rasu ranar Talata, sha tara ga Ramadan, wajen ƙarfe huɗu na yamma, tana da shekara saba'in ba biyu. Ba ciwo ne ya ɗauke ta ba. Da taɓarya aka kashe ta, kuma gara in faɗa da bakina kafin matan bene su riga ni: ni na kashe ta.

Kakata Hajiya Sa'adatu ce ta saye ta a Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan, bayan ta shekara huɗu a hanya da ƙafa daga ƙasar Katsina. Da masu jirgin ruwa suka ce kayanta sun yi yawa, sai ta bar buhun gero a gaɓa, ta rungumi randa har Jidda. A nan Makka wata Balarabiya maƙwabciyarta ta koya mata sobiya: a jiƙa busasshen burodin alkama da sha'ir, a bar su su kwana, a tace, a zuba kirfa da sukari da hel, ƙwayar ƙamshin nan ta gahawa. Masu sanin tarihi sun ce sobiya ƙanwa ce ga wata giyar alkama ta Masar da ake kira buza, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai ƙanwar ta zo Makka ta tuba. Abin da ya raba su kwanaki ne kawai. Kwana biyu a randa, sobiya ce ta halal. Ta kai uku, an fara shiga matsala. Ta kai huɗu kuwa, yayar ce ta dawo.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da riƙon amana, ba ta taɓa yoyo ba ko sau ɗaya. Abin da ke fitowa daga cikinta fari ne sol, da ɗan tsami da ke tsikarar gefen harshe kafin zaƙi ya biyo, sannan ƙamshin hel ya hau hanci. A can ƙarshe akwai wani ɗanɗanon ƙasa da ke tsayawa a maƙogwaro. Shi ne masu sayarwa a bokitin roba suka shekara suna nema, har suna aiko matansu su yi mini wayo da hira, Allah Ya shirye su. Ba ta da yawan magana. Idan sobiya ta nuna takan ce fis-fis-fis, a hankali. Idan ta ce ɓul, ɓul, to lokaci ya wuce.

Dokokinta biyu ne. Ba a wanke ta da sabulu, sai a ɗauraye ta a turara ta da hayaƙin ƙaron mastika. Kuma babu mai ɗaga murfinta sai mai ita. Ƙanena Mahadi, wanda ke tuƙin taksi a unguwar Hindawiyya, har yau akwai tabon ludayin kaka a goshinsa saboda ya taɓa leƙawa. Ni kuwa ranar da aka damƙa mini ita, kaka da gangan ta bar wani jiƙo ya kwana huɗu, ta danna kaina a bakin randar, ta ce in shaƙa in san warin abin da zai iya korar mu daga garin nan. Gaskiyarta. Mu nan aka haife mu, amma da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, muke zaune. Ranar da aka ce ana dafa giya a gidanmu, jirgi ne zai kai mu ƙasar da ban taɓa gani ba, da ni da Mahadi da mahaifiyarmu Inna, wadda idonta ya tafi shekara tara ke nan.

Ga yadda ajalin ya zo. Ranar Juma'a na yi jiƙo, ranar Asabar ciwon suga ya kayar da ni aka kai ni asibiti. Yayata Mujahida ta zo ta ɗauki Inna zuwa gidanta a Jidda. Aka bar Mahadi da randa. Bawan Allah ya ji tana ɓul-ɓul kwana biyu, ya yi ta kewaya ta yana shafa goshi, bai ɗaga murfi ba. Don ma ya nuna kulawa, sai ya lulluɓe ta da bargo, ya rufe ɗakin, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki kada sanyi ya dame ta. A zafin Makka. Da na tambaye shi daga baya, cewa ya yi shi dai doka ya bi.

Ranar Talata ya ɗauko ni daga asibiti. Tun daga ƙasan bene warin ya mare ni, na gane shi nan take. Ga kuma Sami, maƙwabcinmu na ƙasa, ɗan ƙasa mai takarda, wanda muka shekara biyu muna rigimar tankin ruwa da shi. Yana tsaye a matattakala yana shinshina, waya a kunne, yana cewa a zo maza-maza, hawa na biyu.

Ban san yadda na hau ba. Na yaye bargon, murfin na rawa shi kaɗai, kumfa na malala a gefenta. Muka kinkime ta muka juye a magudanar banɗaki. Amma yumɓu ya riga ya sha, ita kanta wari take yi, ga ta har ƙugu, ba inda za a ɓoye ta. Sai aka fara buga ƙofa. Na ce wa Mahadi ya fasa ta mu zuba a buhu, ya ja baya ya ce ko za a yanka shi ba zai iya ba. Na fizgi taɓarya.

Bugun farko ta ce gwam, ko tsagewa ba ta yi ba. Na biyu ya karya mata baki. Na uku da na huɗu na zuba su a cikinta ina ashar da azumi a bakina, Allah Ya yafe mini. A na biyar ta tsage tun daga wuya har gindi da wata ƙara da har yanzu nake jin ta a haƙorana. Ba ta faɗi ba, ta tsaya a buɗe. Na ci gaba da duka har taɓarya ta kuɓuce, na bi manyan gutsattsarin da ƙafa, na tattara da hannu, wani tsingaro ya keta mini tafi har ƙashi. Jini da kumfa suka cakuɗe a tayil. Warin da nake son kashewa kuwa ya ninka sau goma.

Mahadi ya buɗe ƙofa. Sami ne shi kaɗai, hannunsa riƙe da gora.

"Hajiya, bututun masai ya fashe a benen nan, na kira mai gyara yana hanya," in ji shi. "Sannu da jiki. Yau akwai sobiya kuwa?"

Mutumin da aka haifa a Makka, ya girma tsakanin gida da Harami, ina ya taɓa jin warin giya? A duk benen nan ni kaɗai na san shi, ni kaɗai aka koya wa. Na zauna a cikin tsingaron na yi kukan da ban yi ba ranar da kaka ta rasu.

Marigayiyar ta bar murfinta na katako, da ludayi, da yadin tacewa, da kaskon turare. Ta bar Mahadi da bai ƙara haɗa ido da ni ba. Taɓarya tana tsare a bayan ƙofa, ko da yake kowa ya san aike ne aka yi da ita. Na gwada jiƙo a tukunyar ƙarfe, Sami ya ɗanɗana ya ce ma sha Allah, akwai sanyi.

Ba za a yi mata salla ba, na san addinina. An tara ta a buhun shinkafa, ba a sa mata sabulu ba, an turara ta da mastika. Za a binne ta gobe Alhamis bayan la'asar a saman bene, cikin tukwanen shukar rihan mai ƙamshi. Za a karɓi gaisuwa kwana uku. Duk wadda ta zo mini da kyautar bokitin roba, ta matattakala zan gangaro da ita.

Jibi Juma'a Mujahida za ta dawo da Inna. Ba a gaya wa Inna ba. Abin da take fara yi idan ta shigo gida shi ne ta laluba bango har kusurwa, ta kara kunnenta a jikin randar uwarta. Wanda yake da ƙarfin zuciyar tare ta a ƙofa ya gaya mata, don Allah ya zo da wuri. Ni ba zan iya ba.