Rasuwar Siririya, Kyamarar Aljihu, da Hoto Uku a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yau ban samu inda zan sauke shi ba, ni Zakariyya Nasidi, mazaunin Ƙaura Namoda, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da danginmu na ƙetaren iyaka, rasuwar kyamarata ta aljihu, wadda aka fi sani da Siririya. Ta cika ranar Talata da hantsi a garin Jangeru, a tsakar gidan Baffana Nagoggo, a kan tafin hannuna. Ta yi shekara uku da wata biyar tare da ni. Shekarun da ta yi a wata ƙasa kafin ta iso gare mu, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Ina neman afuwar malamai da za su ga wannan takarda. Na san ƙarfe da gilashi ba su da rai, shi ya sa ban buɗe da kalmomin da ake buɗe sanarwar rasuwar Musulmi da su ba. Waɗannan na bar wa kakata Hajiya Gimbiya, wadda ta riga marigayiyar da kwana uku, Allah ya jiƙanta. Wanda ya daure ya karanta zuwa ƙarshe zai ga dalilin da ya sa ban iya raba rasuwar biyu ba.

Ban sami marigayiya da gaggawa ba. Wata huɗu na yi ina bincike a shekarar da na kammala difloma, ina rubuta abin da na gano a bayan tsohon littafin darasi. Abokina Jamilu, mai gyaran waya a bakin kasuwar Ƙaura, ya gaji da ni har ya ce, "Difloma, ko mata ba a yi musu wanga bincike kafin a kai gaisuwa. Ga waya aljihunka, mi kake nema kuma?"

Abin da nake nema shi ne abin da waya ta kasa yi mini. Ɗakunanmu na ƙasa ne, tagarsu ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma a cikinsu tsofaffinmu suke yini. Duk hoton da na ɗauka da wayata a irin wannan ɗaki, mutum yakan fito kamar an zana shi da hayaƙi. In aka kunna fitilar walƙiya kuwa, sai fuska ta yi fari fat, ido ya yi ja, tsohuwa ta kare fuska da mayafi ta ce an makantar da ita. A hankali na gane cewa yawan megafiksel da masu sayarwa ke ta kirari da shi ba shi ne magana ba, haka ma nisan jawo abu. Maganar ita ce yadda idon kyamara ke buɗewa ya sha ɗan hasken da ke akwai. Akwai lamba da ake rubutawa a bakin gilashin, kuma ƙanƙantar lambar ita ce girman buɗewar. Ta marigayiya ɗaya da ɗigo takwas ce. Na kuma nemi wadda ke riƙe kanta idan hannu ya yi rawa, domin nawa yakan yi, da wadda za a iya yi wa caji da igiyar waya, saboda kowa ya san halin wutarmu.

Sai kauri, wanda na fi ba muhimmanci. Duk wanda ke hawa babur tsakanin Ƙaura da Shinkafi a shekarun nan ya san abin da ake tambayar mutumin da ya ratayo babbar kyamara a wuya: wa ya aiko ka? Masu tsaron hanya za su tambaya, waɗanda ake tsaron hanyar don gudun sharrinsu ma za su tambaya, kuma ba kowace amsa ake sauraro ba. Siririya ba ta kai kaurin yatsu biyu ba. Takan kwanta a aljihun gaban riga, bayan hankici, ba ta tura yadi ko kaɗan.

A wani shago a Kano na same ta, cikin kayan gwanjo. Na roƙi mai shagon ya bar ni in shiga ɗakin ajiyarsa a tura ƙofa, na ɗauki hoton tafin hannuna ba tare da walƙiya ba. Da na duba, har zanen tafin ya fito. Mai shagon ya ce shekararsa goma sha biyu yana sayar da kyamara, ba a taɓa kulle kai a sito don a gwada ta ba.

Marigayiya ta kasance mai kunya, mai kawaici, ba ta son a san ta iso wuri. Idan aka tashe ta takan ce "ziiit" a hankali tana miƙo ido, sai "tit-tit" idan ta gane fuskar mutum, sannan "ƙyas", shi ke nan ta gama. Ta halarci suna da walima ba ta taɓa firgita jariri ba. Ta ɗauki kasuwar Shinkafi ranar Alhamis da almuru, lokacin da masu albasa ke ɗaure buhu, kuma kowane mutum ya fito da kamanninsa. Ta ɗauki tsofaffin layukan dogo na Ƙaura ana yayyafi. Tana da rauninta: batirinta ba ya kai yini, kuma idan yaro yana gudu sai ta rasa shi. Ban taɓa riƙe ta da wannan ba.

Akwai wata ɗabi'a tawa da ya wajaba in bayyana, domin ita ce asalin ciwon. Duk lokacin da zan bi hanyar da ba ta da kyau, nakan cire katin ajiyar hotuna in bar shi a gida, cikin ambulan ɗin da takardar diflomata take. A katin akwai hotunan kasuwanni da gadoji da fuskokin mutane, kuma ba na so a tare ni a riƙa tambayata su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka wannan hankali ne. Idan babu kati, marigayiya tana da ɗan wuri a cikin cikinta da take ajiye hoto kaɗan, amma ban taɓa dogara da shi ba, don ban taɓa zuwa ƙauye da niyyar ɗaukar abu mai muhimmanci ba.

A farkon daminar bana na je Jangeru gaida Hajiya. Kakata ce ta wajen uba. A iya sanina ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba tun wanda aka yi mata na fasfo, shi ma ya ɓace shekaru da dama. Takan ce wutar hoto na shan jinin fuska. A shekarun ƙarshe ba ta fita daga ɗakinta sai da dalili. Ina zaune a bakin ƙofa na fito da Siririya ina share mata ido, sai Hajiya ta ce, "Kai mijin banza, ka zo hannu rabbana, ba goro ba sabulu. Mi a wanga kake lallashi kamar amarya?"

Na ce mata kyamara ce.

"Mai ƙyalla wuta?"

Na ce wannan ba ta ƙyalla komai, hasken tagar ɗakin ma ya ishe ta.

Ta gyara zama a bakin gado. Sai ta ce, "To ɗauka. Ka kai ma Hafsatu, ta gani ban mutu ba tukuna."

Hafsatu ita ce Goggo Hafsat, ƙanwar mahaifina, autar Hajiya, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Maraɗi. Shekara shida hanya ba ta bar su sun ga juna ba.

Na ɗauka sau uku. Na nuna wa Hajiya a bayan kyamarar, ta kai ta kusa da ido, ta ce, "Wagga tsohuwa hwa ta yi kama da uwata." Babu kati, babu igiya, duk suna Ƙaura. Hotunan suka kwanta a cikin cikin marigayiya.

Washegari da zan koma, labari ya zo cewa an tare masu babura a hanya, ana zazzage aljihu. Baffa Nagoggo ya ce kada in kuskura in bi hanyar da Siririya. Matarsa Inna Tani ta karɓe ta cikin 'yar jakarta mai ruwan toka, ta yi mata abin da matan can ke yi wa 'yan kunne da sarƙa idan gari ya ɗaure: ta tura hannu har gwiwar hannu cikin buhun gero, ta binne ta. Ta ce, "Nan ko ɓera bai gane ta." Na yarda da wannan shawara, har na gode. Ina isa Ƙaura na kira Goggo Hafsat na yi mata albishir. Ina jin ta tana kiran maƙwabta tana gaya musu.

Na yi niyyar komawa bayan mako guda. Hanya ba ta yi kyau ba, ni kuma na ci gaba da jiran ta yi. A kwana na goma sha ɗaya Hajiya ta rasu. Ban samu jana'iza ba. Na isa ana gobe sadakar uku, gida cike da masu gaisuwa, kuma ban ga ya dace in shiga cikin mata ina tambayar kyamara ba. Na ce sai an watse.

A ranar mata suka juye rabin buhun gero cikin babban baho, suka zuba ruwa, don a jiƙa a yi kunun sadaka. Inna Tani tana ɗaki tana karɓar gaisuwa, ba ita ta juye ba, kuma wanda ya ga idonta a kwanakin nan ba zai tambaye ta me ya sa ta manta ba. Jakar launin gero ce. Sirantar da na yi wata huɗu ina nema ita ta hana kowa jin faɗuwarta. Da safe ana tsame gero za a kai inji, hannun Inna Tani ya ci karo da ita. Ta fito da ita tana ɗiga, ta ce, "Zakari, na kashe ka."

Na san ƙa'ida. Na karanta ta, har na ja mata layi a littafina: abin lantarki da ya jiƙa ba a kunna shi, cire batir ake yi a bar shi ya bushe. Ina sane da wannan yatsana ya danna. Ta ce "zii", ta miƙo ido rabi, ta tsaya. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Har yanzu idon a haka yake, bai fita ba, bai koma ba.

An yi mata abin da ake iya yi. Ta kwana huɗu cikin shinkafa. Jamilu ya buɗe ta ya wanke da sinadarinsa, ya daɗe yana dubawa, kuma a karon farko tun da na san shi bai tsokane ni ba. Ya ce ruwan jiƙon gero da tsami yake, ya ci hanyoyin wutar, kunnawar da na yi kuma ta ƙarasa sauran. Wurin da hotunan suke, 'yar ƙwaya ce manne a jikin allon cikinta, ba a zare ta kamar kati. Wani mai gyara a Gusau ya faɗi haka shi ma. Ya ce wataƙila a Kano ko Legas akwai mai iya ɗaga ƙwayar ya karanta, wataƙila kuma zafin ɗagawar ya ƙone ta. Bai ba ni suna ba, bai ba ni alkawari ba.

Marigayiya ta rasu ta bar batir biyu, da igiyar caji, da jakarta da har yanzu ke warin tsami. Ta bar katin ajiya cikin ƙoshin lafiya, ɗauke da hoto sama da dubu uku: buhunan albasa, layin dogo, jariran mutane, tafin hannuna. Babu Hajiya a ciki ko sau ɗaya. Ta kuma bar Inna Tani, wadda nake roƙon jama'a su daina yi mata maganar, domin ita ɓoyewa ta yi, ni na cire kati, ni na jira, ni na danna.

Ta bar Goggo Hafsat. Goggo, kowace Juma'a kikan kira ki ce, "Zakari, ina hoton tsohuwa?" ni kuma in ce layi ne ba ya tura hoto. Juma'a huɗu ke nan. A ta ƙarshe kin ce kin sayi gidan hoto mai gilashi a Maraɗi, kin kafa ƙusa. Ba laifin layi ba ne. Na kasa faɗa miki da baki, shi ya sa na rubuta wa duniya duka, don in tabbata wani zai karanta miki.

Ga abin da na gani, ki riƙe shi kafin Allah ya kawo mai iyawa, in zai kawo. Tana zaune a bakin gadonta, hasken taga ya sauka a kuncinta na hagu. A na farko tana dariya, don ta gama zagina, hannunta ɗaya a sama tana gyara ɗankwali, carbi naɗe a wuyan hannun. A na biyu ta kame, ta kalli kyamarar sosai, ina jin ke take kallo. Na uku bai fito da kyau ba, ta motsa tana cewa ya isa. Ta rame, amma ba ta yi kama da mai ciwo ba.

Game da jana'iza: ba za a binne marigayiya ba, kuma ba za a sake buɗe ta ba sai a gaban wanda ya taɓa yin irin aikin. An naɗe ta cikin farin ƙyalle, an ajiye ta a akwatina, kusa da ambulan ɗin da katin yake. Ana sanar da masu sayen kayan gwangwan cewa kada su wahalar da kansu. Za a karɓi gaisuwa a rumfar Jamilu kullum bayan la'asar. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar shinkafa, an riga an yi. Wanda ya san mai iya karanta ƙwayar, ya zo da sunansa ko da ba tabbas.

Ranar Juma'a ba za a zauna a rumfa ba. Zan kasance a gida bayan an sauko daga masallaci, wayata a kunne, cike da caji. Goggo, idan kin kira zan ɗauka.

Zakariyya Nasidi,
Ƙaura Namoda.