Yardar Awakin Dokta Barau

Wani malami ne a jami'armu, Dokta Barau Shanono, a sashen nazarin kiwon dabbobi. Idan ana maganar cika baki, to a ajiye masa kujerar gaba.

Kun dai san yadda abin yake a wurinmu. Duk mai neman tallafin bincike daga waje, takardarsa ba ta fita ƙofar jami'a sai kwamitin tantancewa ya zauna a kanta, sannan Mataimakin Shugaban Jami'a ya sa hannu. Kwamitin nan kuwa ba ya wasa. Na ga farfesa mai furfura an dawo masa da takarda sau uku a kan waƙafi.

Shi Barau ko a jikinsa. A ɗakin shan shayi zai harɗe ƙafa ya ce, "Takarda goma sha ɗaya na shigar, ko ɗaya ba ta kwana ba. Da sun ga sunana, jiki na rawa suke sa hannu."

Ni ne mai rubuta bayanan zaman kwamitin, saboda haka na san takardun nan goma sha ɗaya. Duk na wasu mutane ne. Sunansa yakan zo na huɗu ko na biyar, can ƙasa kusa da lambar shafi. Ban dai taɓa cewa uffan ba, don ina son shan shayina cikin kwanciyar hankali.

Bana sai aka ce masa ba zai zama farfesa ba sai ya jagoranci bincike nasa na kansa. Aka yi sa'a wata gidauniya ta buɗe ƙofa, za ta rufe ranar Juma'a. Barau ya ce shi ruwan nonon awaki zai bincika. Yana cikin haɗa takardu ya ga a jerin an sa "takardar neman yarda". Ita wannan da Hausa ake rubuta ta, domin mutanen da za a yi bincike a kansu su san abin da suke sa wa hannu. Masu aiki da dabbobi ba ta shafe su ba, fom ɗinsu daban ne. Da ya buɗe baki ya yi tambaya ɗaya, da an gaya masa. Amma ina! Mai takarda goma sha ɗaya wa zai tambaya?

Sai ya lallaɓa wurin Dokta Uwani ta sashen lafiya, wadda bara aka amince da bincikenta a kan mata masu shayarwa. Ya ce ta ba shi tata ya duba mata kurakurai. Baiwar Allah ta ba shi. Ya zauna gaban kwamfuta ya ba ta umarni: duk inda ta ga "mata" ta mayar "awaki", duk inda ta ga "mace" ta mayar "akuya". Ƙyat! Ƙyat! Minti biyu aiki ya ƙare. Ko karantawa bai yi ba, ya buga ya kawo mini. Duk wannan daga baya muka gano.

Ranar Laraba kwamiti ya zauna. Shugabar kwamitin, Farfesa Talatu Ƙaraye, shekara tara muna aiki tare ban taɓa ganin haƙoranta ba. Mataimakin Shugaban Jami'a yana ƙarshen tebur, hannu a haɓa, don sa hannu kawai ya zo. Barau ya shigo da ƙamshin turare, ya gaishe da kowa kamar shi ya kira taron.

Farfesa Talatu ta gyara tabarau. "Dokta, wannan takardar yardar, kai ka rubuta?"

"Kowace kalma, ranki ya daɗe. Sati uku ina kanta."

"Madalla. Bari in karanta wa kwamiti." Ta fara da muryar nan tata ta karanta sanarwar jarrabawa. "Za a tara awaki masu shayarwa a ɗaki mai sirri, a yi musu bayani da Hausa. Idan akuya ba ta gane ba, tana da damar yin tambaya."

Ni dai na sunkuyar da kai ina rubutu.

Barau ya yi tari. "E, to, ranki ya daɗe, sabon salo ne. A ƙasashen waje yanzu haka ake yi. Haƙƙin dabbobi."

"Haka ne?"

"Ƙwarai. Mu ne dai aka bari a baya."

"To, Allah ya sa mu kamo su." Ta ci gaba. "Idan akuya ba ta iya rubutu ba, za ta dangwala yatsa. Kowace akuya za a ɓoye sunanta, kuma za a ba ta lambar waya ta kira idan tana da ƙorafi. Dokta, layin wane kamfani suke amfani da shi?"

Wani farfesa a gefena ya ciro hankici ya toshe baki, kafaɗunsa na girgiza. Gumi ya fara keto wa Barau, amma bakin bai mutu ba. "Masu kiwon ake nufi, ranki ya daɗe. Salon magana ne."

"Na gane. To wannan fa? Awakiki na farko. Awakiki na biyu. Na duba ƙamus biyu ban samu ba. Mene ne awakiki?"

"Kalma ce ta... ta fanninmu."

"Ba mataki ba ne?"

Barau ya dubi silin, ya dubi taga, ya dube ni. Ni kuma na dubi alƙalamina.

A nan ne Mataimakin Shugaba ya jawo tasa takardar ya buɗe shafin ƙarshe, inda zai sa hannu. Ya kai ta kusa da ido. Ya nisantar. Ya sake kawowa kusa.

"Dokta Barau."

"Ranka ya daɗe."

"Wane ne Awakiimakin Shugaban Jami'a?"

Wallahi na ji tausayinsa a lokacin, kaɗan dai. Mutumin da ya shigo ya cika ƙofa, sai ga shi ya tsuke a kujera kamar rigar da ta sha ruwan zafi.

"Saura layi ɗaya," in ji Farfesa Talatu. "Babu akuya ko ɗaya da za a ɗebi ruwan nononta sai da rubutacciyar yardar mijinta."

"Ranki ya daɗe," in ji Barau da wata 'yar siririyar murya, "wannan ai ana iya cirewa."

"Haba Dokta. Aikin sati uku? Mu ba ma taɓa rubutun masana. Abin da mai nema ya yi alkawari da hannunsa, shi muke bi."

"Ranki ya daɗe, jibi Juma'a ake rufewa!"

"To ka ga sai ka hanzarta." Ta juyo gare ni, fuskar nan ko motsi. "Malam, rubuta. An dakatar da takarda har sai mai nema ya kawo sa hannun bunsuru."

Mataimakin Shugaba ya rufe alƙalaminsa, ya miƙe, ya gyara hula.

"Kuma ka zo mana da shi, Dokta," ya ce. "Muna so mu ji daga bakinsa cewa ba tilasta masa ka yi ba."