Ranar da Na Dafa Rulon Papa Etiyen

Ba zan taɓa mantawa da wuyar da na ci wajen koyon ɗab'i ba. Aiki ne mai cin ido da cin baya. Shekara ashirin da ɗoriya ina fiɗar shanu a mahautar Garwa, ban taɓa gajiya irin wadda 'yan mitsi-mitsin haruffan dalma suka gajiyar da ni ba.

Ba neman abinci ya kai ni ba. Wani bajimi da muka sayo a Bogo ne ya harbe ni a gwiwa, likita ya ce in zauna, sai na bar wa ƙanena tebur. Ni kuwa zama ba ya karɓa ta. Na gwada saƙar tabarma, ta fito kamar tarkon kifi. Na gwada ɗinkin hula, matata ta ce in rufa mata asiri kada in sa ta a waje. Ina cikin ɗingishi a bayan kasuwa wata rana na ji ƙaras-ƙaras a wani shago, na leƙa, na ga wani tsoho yana danna ƙarfe takarda na fitowa da rubutu.

Papa Etiyen ke nan, mutumin kudu, ya tsufa a maɗabar 'yan mishan kafin ya buɗe nasa ɗan shago. Hoton tsohon shugaban ƙasa Ahijo na rataye a bango, tawada ta taɓa shi a gefen hula. Ba ya jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce na ciniki ba, don haka da Fillanci muke lallaɓawa, kowa na karya nasa. Na ce ina son in koya. Ya dubi yatsuna (kowane kamar rogo) ya yi dariya, amma ya turo mini kujera.

Allo na yi, bokon kuwa 'yan watanni ne a ajin manya. Duk da haka na dage. Ka tsinci harafi ɗaya-ɗaya, ka jera su a juye, ka ɗaure, ka buga, sannan ka mai da kowane gidansa. Wata huɗu ina yi. Ba yabon kai ba, na iya. Har Papa ya ba ni aron ƙaramin injinsa na kai gida, tare da rulo, wato abin nan mai kama da muciya, jikinsa da taushi, wanda ke mirginawa yana shafa wa haruffa tawada. Guda ɗaya gare shi na wannan injin. Ya ja mini kunne: da kananzir kawai ake goge shi, kuma a inuwa yake zama. Na ce to. A raina na ce ƙazanta ce kawai irin ta wanda bai taɓa riƙe tebur ba.

Ana nan sai aka haifa wa Sarkin Pawa jikansa na fari. Ya daɗe yana jin haushin yadda manyan gari ke aika kati idan suna da sha'ani, mu mahauta sai dai sanƙira ya bi unguwa yana shela. Yana son katinsa ya shiga ofishin perfe mai mulkin gari, komi-komi, wato akawunan ofis, su gani. Da ya ce zai aika a buga masa, na miƙe a gaban jama'a na ce ina raye ba za a kai aikin mahauta hannun bare ba. Na ce ma ya zo gidana ranar Alhamis bayan azahar ya ga fitar katin farko da idonsa. Sunan jaririn kuwa ran Lahadi ne.

Kwana biyu na yi ina jera haruffa. Ranar Alhamis da safe na gwada bugu ɗaya, na ga ɗan dusu-dusu a gefe. Na duba rulo, duk tsohuwar tawada. To ni a sana'armu abu ɗaya muka sani: in kaya ya yi datti, tafasasshen ruwa, toka, soso, sannan rana. Haka nake wa tebur da wuƙaƙe tun ina saurayi, kuma mai duba tsabta bai taɓa kama ni ba. Na sa matata ta dafa ruwa. Ina dirza ina jin abin na santsi a hannuna, na ce a raina ka ga dauɗar shekaru tana fita. Na ɗora shi kan kwanon rumfa, inda ake shanya kuɓewa. Bazara ce, kuma wanda ya san Garwa ya san abin da nake nufi. Daga nan na wuce kasuwa na gayyato har Papa Etiyen, don ya ga inda ɗalibinsa ya kai.

Bayan azahar suka iso: Sarkin Pawa da babbar riga, mahauta shida, Papa a baya da hular helmet. Na shimfiɗa tabarmi (ba saƙata ba). Na yi musu bayani dalla-dalla, na nuna haruffa, na nuna tawada, har ina hana wani taɓawa. Sannan na taka turmi na miƙa hannu kan kwano.

Sandar ƙarfen tsakiyar rulon na ɗauko. Ita kaɗai. Sauran ya bi kwarin kwano yana ɗiga, ja-ja, ƙudaje sun yi masa baƙi, akuyata na ƙasa tana lasa har da lumshe ido.

Da na yi shiru da sauƙi. Amma sai na ce musu haka ake yi, sai ya yi laushi tukuna. Sarkin Pawa ya taso, ya dangwali abin da yatsa, ya kai hanci. Ya sake shaƙa.

"Kai, wannan ai romon ƙafar saniya ne."

Papa Etiyen bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Ya karɓi sandar, ya juya ta, ya yi wa jama'a bayani cikin Fillancinsa cewa Sarki bai yi kuskure ba. Fata da kofato ake dafawa har su yi kauri, a zuba sukari, a zuba a bututu ya daskare, shi ne rulo. Sannan ya juyo gare ni.

"Patron, shekara nawa kana sayar da ƙafar saniya? Ba ka san abin da zafi ke yi mata ba?"

Mahautan nan har da masu kwanciya a tabarma. Wani ya ce a kawo gurasa kada a yi asara. Sarkin Pawa ya tambayi Papa ko babban injinsa zai fitar da katin, Papa ya ce wani aiki ke ɗaure a kai, sabon rulo kuma sai ya kwana uku kafin ya yi ƙwari. Sarki ya goge yatsansa a gefen tabarmata, ya ce wa na kusa da shi a je a kira sanƙira. Bai ko dube ni ba. Tun daga ranar sunana a mahauta Mai Romo, har jikan nan da aka raɗa wa suna ba kati da shi yake kirana.

Abin da na koya ba shi da yawa. In mai sana'a ya ce maka kananzir, ka sa kananzir, ko da kana ganin ka fi shi tsabta. Ni dai na fi shi, shi ya sa na dafa masa kaya.

Washegari da safe na ɗingisa zuwa mahauta, ana ta kirana da sabon suna ina amsawa. Na zaɓi ƙafafun saniya takwas da fata mai kauri, na wanke su da kaina, na biya kanti na sayi sukari. Na dire su a ƙofar shagon Papa Etiyen, na ce masa ya faɗi awo kawai, dahuwar ya bar mini, wannan ɓangaren na riga na gwada.